Harshen Tagulla

Aikin farko da na yi aka biya ni a ƙasar Faransa shi ne in danna madanni ɗaya in riƙe, kada in saki sai an ce in saki. A ƙarshen shekarun 1990 ne, ina ɗalibi a Tulus. Kuɗin tallafin karatu ba ya kai mu ƙarshen wata, don haka kowa a cikinmu 'yan Nijar yana da ɗan abin da yake taɓawa: wani wanke-wanke a gidan abinci, wani gadi, wani tsinkar inabi idan kakarsa ta zo. Ni rabona ya faɗa hannun wani dattijo mai gyaran ogan, wato ƙaton abin kiɗan nan na majami'u mai ɗaruruwa ko dubban bututai, wanda iska ke busawa, mutum ɗaya yana sarrafa shi da yatsu da ƙafafu. Yaro mai haƙuri yake nema, wanda zai zauna a gaban madannai yayin da shi yake can ciki tsakanin bututai yana saita su. Bai tambaye ni ko na iya kiɗa ba. Tambayarsa biyu ce: ko ina jure sanyi, da ko addinina zai hana ni shiga coci. Na ce masa zan shiga in yi aikina, amma ina da salloli da zan riƙa tashi in yi. Ya ce ai kunnensa ma yana bukatar hutu. Haka muka tsara: azahar ta yi, ya kashe injin iska, in fita in shimfiɗa darduma a gefen motarsa, shi kuma ya zauna ya ci burodinsa da cuku.

Ogan ba murya ɗaya gare shi ba. Hagu da dama da madannai akwai 'yan sanduna masu dunƙulallen kai, kowace da suna a goshinta. Ka ja ɗaya, ka buɗe wa iska hanya zuwa jeri guda na bututai, bututu ɗaya ga kowane madanni. Wannan jeri shi ne murya ɗaya. Yawancin muryoyin usur ne kawai, manya da ƙanana: iska ta daki leɓen bututu, sauti ya fito. Amma akwai wani dangi dabam, wanda shi ya fi cinye mana yini, kuma shugabarsu ita ce wadda aka rubuta wa Trompette, muryar kakaki. A ƙarƙashin sunan akwai lamba 8, ma'ana bututunta mafi kaurin murya tsawonsa wajen ƙafa 8 ne. Ƙanwarta Clairon lambarta 4, rabin tsawo, sauti mai tsini. Yayarsu Bombarde 16 ce, ita ce ke girgiza benci.

Wata rana a wani ƙauye da ke kan hanyar Albi, bututu ɗaya ya ƙi magana sam. Dattijon ya sauko da shi, ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya ce, "Zo ka gani, ɗana, amma ka sa hannunka a aljihu." Ya zare kuben ƙasa, sai ga cikin a fili. Dunƙulen dalma ne, an cusa masa ɗan indararo na tagulla wanda bai wuce tsawon yatsa ba. A kan buɗaɗɗen gefen indararon an kwantar da siririn falle na tagulla, an danne gindinsa da ɗan tsinken katako. Wannan fallen shi ake kira harshe. Ba kwance yake sumul ba, bakinsa ya ɗan ɗaga, ɗagawar da sai ka kara shi da hasken taga za ka gan ta. Iska ta cika kube, ta nemi wucewa ta wannan 'yar kafa, sai ta fizgo harshen ya rufe indararo; taurin tagulla ya mai da shi baya, iska ta sake fizgo shi. Haka yake yi wajen sau 65 a daƙiƙa ɗaya a bututu mafi kauri, sama da sau dubu a sirara. Dogon mazurarin da ke sama, wanda shi ido yake gani, aikinsa ya karɓi wannan karkarwa ya ba ta jiki. Sai wata waya mai lanƙwasa da ke danne harshen: a buga ta ƙasa, wurin da ke rawa ya gajarce, sauti ya hau, a ja ta sama, sauti ya sauka.

Abin da ya rufe wa bututun baki mataccen ƙuda ne, ya faɗo ta mazurari ya maƙale. Dattijon ya zaro shuɗiyar takardar faran 50 mai hoton Saint-Exupéry, ya zura ta a hankali tsakanin harshe da indararo, ya ja. Ya mai da kube, ya hura da baki, bututun ya yi wata ƙara da ta sa tantabaru suka tashi daga kan taga. Hannu a aljihu kuwa, dalilinsa zufa ce. Yatsa ɗaya ya taɓa harshe, bayan watanni tsatsa ta fito daidai wurin, murya ta canza.

Kowane sauyin yanayi sai an neme mu, kuma kullum laifin a kan kakaki ake ɗora shi, a ce ya kauce. Alhali shi ne yake tsaye a inda aka bar shi. Zafi ya zo, iskar cikin bututan usur ta yi sauƙi, sautinsu duka ya hau tare. Sanyi ya zo, su sauka tare. Harshen tagulla kusan bai san ana yi ba. Amma da yake bututan usur su ne masu yawa, kuma saita su aiki ne babba, sai a bi kakaki a buga masa waya har ya je inda suke. Ni ina ƙasa cikin kwat biyu, yatsa a kan madanni, ina jin sautuka biyu suna kokawa, wuwu-wuwu-wuwu, kokawar tana raguwa, tana raguwa, har ta kwanta. Sai in ji muryarsa daga can sama: "Na gaba!"

A watan Oktoba ake bikin ogan na birnin, wanda aka fara a 1996. Dattijon ya ba ni tikiti ya ce in je majami'ar Saint-Sernin in ji abin da muke wa hidima idan ya samu gwani. Majami'a ce ta jan bulo, doguwa, an keɓe ta tun 1096, kuma ogan ɗinta aikin Aristide Cavaillé-Coll ne, an ƙaddamar da shi a 1889. Kiɗan ya yi ta taruwa, murya kan murya, har na ɗauka an kai iyaka. Sai wani sauti ya keto ta saman kawunanmu, tsirara, mai kaifi, kamar ba daga cikin akwatin ya fito ba. Tsigar jikina ta tashi. Ban san lokacin da na koma ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla ba, ina yaro a kan kafaɗar kawuna, masu kakaki sun ɗaga dogayen ƙarafansu sun miƙa su gaba, mutane suna darewa. A ƙasar Hausa ba a busa wa kowa kakaki sai mai sarauta, kuma tarihin Kano ya danganta farkonsa a can ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A kakakinmu leɓen mutum ne ke rawa, a nan tagulla ce. Amma saƙon da ƙirjina ya karɓa ɗaya ne: babba ya iso, a ba da hanya.

Washegari na ce, "Maigida, wace murya ce wannan da ta zo a ƙarshe?" Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ba tamu ba ce. Daga bayan dutse ta zo." Bututanta ba a tsaye suke ba, a kwance suke, bakinsu yana kallon jama'a, kuma al'adar Sifaniya ce. Gidan su Cavaillé-Coll sun daɗe suna kai da komo a kan duwatsun Pyrenees. Kakan Aristide ya yi aiki a Kataloniya, ya auri 'yar Barselona, ita ce Coll ɗin da ke cikin sunan. Daga ranar dattijon ya ɗauki aniyar koya wa kunnena bambance ƙasashe, kuma Tulus ta sauƙaƙa masa aikin, domin marigayi Xavier Darasse, makaɗin da ya rasu a 1992, ya yi tsayin daka birnin ya mallaki ogan iri-iri, kowane da harshen ƙasarsa.

Da ta Faransa muka fara, a majami'ar Saint-Pierre-des-Chartreux, inda akwai ogan mai asali tun ƙarni na 17 wanda Gerhard Grenzing ya farfaɗo da shi a farkon shekarun 1980. Kakakin Faransawa na dā indararonsa buɗe yake tun daga sama har ƙasa, faɗinsa ɗaya, harshensa siriri ne mai lanƙwasa sosai. Saboda haka yana magana nan take, da tartsatsi a bakinsa, kuma a sautuka masu kauri ruri yake yi. Rauninsa yana can sama: idan hannu ya hau wajen sirara, sai ƙarfinsa ya ragu. Maƙeran dā ba su ɓoye wannan ba, sun nemo masa abokin tafiya, wata murya mai suna Cornet wadda kowane madanninta bututai biyar ne ke amsawa, ita ke tallafe shi a sama. Haɗuwar su ita ce Grand Jeu. Kuma akwai doka: ba a cakuɗa wannan taro da ɗaya babban taron na muryoyin usur masu sheƙi, Plein Jeu, sai dai kakakin ƙafa ya ratsa ta tsakiyarsu yana jan waƙar ibada a hankali. Wani malamin zuhudu, Dom Bédos, ya rubuta dukan wannan sana'a da awonta da zanenta a littafin da ya fito tsakanin 1766 da 1778, kuma kwafinsa yana kan teburin dattijon, gefensa ya yi baƙi da yatsa. Ya ce mini in ina son jin ƙarshen wannan fasaha in je Poitiers, inda ogan ɗin François-Henri Clicquot yake. Maƙerin ya rasu a 1790, ɗansa ya kammala aikin a 1791, juyin juya hali yana ci, kuma Allah Ya sa bututan suka tsira kusan yadda aka bar su.

Shi Cavaillé-Coll bai yarda da raunin nan na sama ba. Ya ninka tsawon mazurari a sautuka sirara, ya ƙara musu ƙarfin iska fiye da na ƙasa, ya kuma sa wani mataki da makaɗi zai taka da ƙafa, dukan kakakin da ya riga ya ja su shigo lokaci ɗaya. Kiɗan César Franck da na Widor a kan wannan dabara aka gina su. Wuta ɗaya ce da ta kakanninsa, ya dai ƙara mata itace.

Ta Jamus tana cikin tsohuwar majami'ar da ta zama gidan tarihi na Augustins, inda Jürgen Ahrend ya gina ogan a 1981 bisa tsarin arewacin Jamus, tsarin su Arp Schnitger wanda ya gama babban ogan na majami'ar Jacobi a Hamburg a 1693. A can indararo tsukakke ne a sama, mai faɗi a ƙasa, an rufe yawancin fuskarsa, harshen kuma ya fi kauri da faɗi. Sautin ya fi duhu, ya fi zagaye, ba ya neman a kalle shi. Dalili kuwa a fili yake: jama'ar cocin Luther su ne ke rera waƙa da bakinsu gaba ɗaya, kuma kiɗansu layuka ne da yawa suna tafiya tare, kowane dole a ji shi. Kakakin da zai danne sauran ba shi da amfani a wurin. Sai ya shiga cikin taro ya ƙara masa nama, babbansa na ƙafa, Posaune, ya zama harsashin ginin. Da farko kunnena ya ji shi kamar mai mura. Sai da na ji an kaɗa kiɗan Bach a kansa, ƙafa tana tafiya da sauri kuma kowane taki yana fita sarai, na gane irin hikimar da ke cikin wannan kamun kai.

Da hutun bazara ya ɗauke ni a motarsa muka tsallaka dutse zuwa Kastil, ƙasa busasshiya mai alkama da rana, wadda ta fi kowane wuri a Turai kwantar mini da hankali. A babbar majami'ar Segovia wurin mawaƙa yana tsakiyar ginin, ogan biyu na ƙarni na 18 suna fuskantar juna ta samansa, aikin zuriyar Echevarría, kakakinsu sun fito jere-jere daga ƙirjin akwati, wasu a miƙe, wasu a baje. Ana danganta farkon wannan dabara ga wani malamin zuhudu Bafaransiskane ɗan ƙasar Bask, José de Echevarría, wanda ya kwantar da muryar Clarín a gaban ogan a Alcalá de Henares a rabi na biyu na ƙarni na 17. Su kansu maƙeran da igwa suke kwatanta su. Amfaninsu kuwa ya wuce ado. Sauti yana fita kai tsaye ba katako a gabansa, don haka iska kaɗan ta isa. Ƙura da ƙuda ba sa faɗawa cikin mazurarin da ke kwance. Makaɗi kuma yana iya miƙa hannu sama ya saita su da kansa, ba sai ya jira irinmu ba.

Amma ba Segovia ce ta zauna mini a rai ba, wani ƙaramin ƙauye ne da muka tsaya, inda wata tsohuwa ta kawo mana mabuɗi daga aljihun zanenta. Ogan ɗin jerin madannai ɗaya gare shi, 45 kacal, an raba shi biyu a tsakiya: hannun hagu da muryoyinsa, na dama da nasa. Da wannan rabo ogan ɗaya yake yin aikin biyu, kuma tun 1626 Correa de Arauxo ya buga littafin kiɗa da ya dogara a kansa. Wurin ƙafa 'yan ƙusoshin katako ne kaɗan. A gefen gwiwa akwai wani katako da za ka tura, kakaki su shigo. Ba wutar lantarki a saman, sai ni na kama zugazugi ina ɗagawa ina saki, dattijon ya zauna ya kaɗa irin kiɗan da suke kira Batalla, kwaikwayon yaƙi, hagu yana kira dama yana amsawa. Bututan suna daidai saman kansa, farin gashinsa yana motsi. Tsohuwar ta tsaya a ƙasa ta riƙe baki. Talauci ne ya tsare wannan ogan: ƙauyen bai taɓa samun kuɗin da zai kira wani ya sabunta shi ba. Da yawa daga 'yan'uwansa a wasu yankuna sun ƙone a yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939.

Wannan kakaki mai kwanciya ya bi jiragen ruwan Sifaniya. Yana nan a ogan biyu na babbar majami'ar birnin Meziko da aka kammala a 1736, yana nan a ƙauyukan Oaxaca. A Las Piñas ta ƙasar Filifin, Diego Cera ya gina ogan da gora tsakanin 1816 da 1824, amma da ya zo kan kakaki gora ta ƙi ba shi abin da yake so, sai ya yi su da ƙarfe ya kwantar da su a gaba yadda aka saba a gida. Italiyawan dā kuwa kusan ba su damu da kakaki ba, daɗin muryoyin usur ya ishe su.

Ingila ta bi wata hanya, hanyar ƙarfi. A 1840 William Hill ya sa wa ogan na zauren birnin Birmingham wata murya da ake hura wa iska mai matsi ƙwarai, daga nan aka samu dangin Tuba: harshe mai kauri, indararo a rufe, sauti santsi, mai nauyi, wanda shi kaɗai yake iya tsayawa gaban dukan ogan. Ana auna ƙarfin iskar ogan da yadda take tura ruwa a cikin lanƙwasasshen bututun gilashi. Tsofaffin na Faransa da Sifaniya wajen inci 3 suke sha, wasu ko hakan ba su kai ba. Kakakin da aka kafa a majami'ar Saint John the Divine ta New York a 1954 inci 50 yake sha, akwai kuma wani a Atlantic City mai inci 100. Na ji Tuba a Ingila daga baya, kuma ba zan hana ta kwarjininta ba. Amma zuciyata tana wurin harshen da ake lallashi da iska kaɗan. Idan iska ta yi yawa, kowane bututu yana fita daidai da ɗan'uwansa, ba ka jin hannun wanda ya lanƙwasa shi. A na dā kuwa kana jin ɗan tsaikon da harshe yake yi kafin ya kama, kana jin wani ya fi wani zafin rai, kuma wannan ne ke sa in ji kamar da mai rai nake magana.

Abin da ya fi ɓata wa dattijon rai shi ne yayin da aka yi a tsakiyar ƙarni na 20, na son kowane ogan ya iya kiɗan kowace ƙasa. Da wannan niyya aka yanke bututai, aka canza harsuna, aka sa wa na Faransa muryar Jamus, aka liƙa wa ƙananan majami'u kakakin Sifaniya, har ya zama kana shiga gari ba ka iya gane inda kake da kunne. Ina tare da shi a kan wannan har yau. Mutanen da suka ƙera waɗannan muryoyi sun san faɗin ɗakinsu, sun san irin waƙar da za a yi a ciki, sun san abin da kunnen garinsu yake kira kyau, kuma sun zuba wannan sani a cikin lanƙwasar da ba ta kai kaurin farce ba. Wanda ya miƙe ta ya goge abin da ba a rubuta a ko'ina ba.

A hunturun ƙarshe da na yi tare da shi, kwamitin wata majami'a a wani ƙaramin gari suka kira shi. Sun tara kuɗi, sun ji faifai, suna son a kafa musu kakaki masu kwanciya a gaban ogan ɗinsu na ƙarni na 19, domin nasu, in ji su, ya mutu. Ya hau ya duba, ya sauko ya ce musu ba zai yi ba. Ɗakin gajere ne, kakaki mai kwanciya zai daki bangon gaba ya dawo ya kashe kunnen na sahun farko. Nasu kuma bai mutu ba: ƙura ce ta cika shi, sannan wani mai gyara a can baya ya danne harsunan don ya rage musu ƙara. Shugaban kwamitin ya ɓata fuska ya ce za su nemi wani. Dattijon ya ce su ba shi hunturu ɗaya, in bai gamsar da su ba kada su biya shi ko sisi.

Muka kwashe bututan zuwa shagonsa. Kowane harshe ya ɗora shi a kan ɗan katako mai santsi, ya bi bayansa da gogaggen ƙarfe sau ɗaya ko biyu, ya kara shi da haske, ya mayar, ya ce in danna. Wani ya yi jinkirin magana, lanƙwasa ta yi yawa; wani ya yi kaf-kaf, ta yi kaɗan. Ya sake fiddawa. Akwai bututun da ya cinye mana yini guda. Bai canza harshe ko ɗaya da sabo ba sai guda biyu da suka tsage, su ma ya yanko su daga tsohuwar tagulla mai kauri ɗaya da ya adana. Kafin Ista muka mai da su. Makaɗiyar garin ta ja Trompette ita kaɗai ta kaɗa, shugaban kwamitin yana tsaye a ƙofa, ya tako har tsakiyar majami'a ya tambaya ko an ƙara bututai ne. Suka biya dattijon kuɗinsa cif. Ragowar abin da suka tara, bisa shawararsa, suka kira magina suka gyara rufin da ke yoyo daidai saman ogan ɗin.